Firangi, Angrez, Pardesi: Daga Ina Indiyawa Suka Samo Sunayen Da Suke Kiran Baƙi?

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya, kamar yadda akasarinmu muka taso a nan Sabon Ibadan da sauran unguwannin Hausawa na Kurmi, akwai wasu kalmomi da suka zauna masa a kunne ko da bai san fassararsu ba. In fim ɗin na zamanin mulkin mallaka ne, za ka ji jarumi ya daka wa Baturen soja tsawa yana ce masa firangi ko angrez. In na soyayya ne, yarinya ce za ta hau kan dutse tana kuka saboda wani pardesi ya tafi ya bar ta. In kuwa ɗan mai kuɗi ne ya dawo daga karatu a Landan, sai tsofaffin gida su ce yaro ya zama wilayati. Duk waɗannan sunayen baƙo ne, kuma kowanne da tarihinsa. Da na bi diddiginsu, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kusan babu ko ɗaya da baƙon ya zo da shi a bakinsa. Wani ne a tsakiya ya raɗa masa, galibi ɗan kasuwa, kuma sau da yawa sunan kan riga mai shi isowa gari.

Mu 'ya'yan fataken goro wannan ba zai ba mu mamaki ba. Kakanninmu goron Gwanja suke cewa, alhali a dazukan Asante goron yake fitowa. Kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja ce kawai inda Bahaushe yake haɗuwa da shi. Sunan garin dillali ya danne na garin manomi. To, kusan haka abin ya kasance da sunayen baƙi a Indiya.

Bari in fara da firangi, don ita ce ta fi kowace yawon duniya. Asalinta sunan wata ƙabila ce ta Jamusawan da, wato Farank, waɗanda suka mamaye ƙasar da yau ake kira Faransa, har ƙasar ta ci sunansu. Larabawa sun san su tun daga iyakar Andalus, suna ce musu Ifranj ko Faranja. Da aka fara yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya a 1096, har suka kama birnin Ƙudus a 1099, yawancin mayaƙan farko masu jin Faransanci ne, don haka mutanen Sham suka haɗa kowa da kowa, Bajamushe da mutumin Ingila da na Italiya, suka ce duk Faranja ne. Girkawan Kustantiniyya ne kawai ba su shiga ciki ba, su Rum ake ce musu. Farisawa suka karɓi kalmar suka mayar da ita farangi, daga nan ta hau jiragen 'yan kasuwa da raƙuman ayari ta yi gabas.

Saboda haka lokacin da Basko da Gama ya sauke anga kusa da Kalikut a watan Mayun 1498, sunansa na nan yana jiran sa. Mutumin da ya fara aikawa tudu, wurin wasu Musulmi biyu 'yan Tunis aka kai shi, kuma da Sifaniyanci suka yi masa magana. Ka ga ke nan tashar cike take da mutanen da suka san irin waɗannan baƙi tun daga Bahar Rum. Da Gama mutumin Fotugal ne, babu abin da ya haɗa shi da ƙabilar Farank, amma wa ya tambaye shi? Firangi kawai aka ce, a kudancin Indiya da Siri Lanka kuma, inda harsunansu suka fi sabawa da harafin p, aka ce parangi.

Daga mutum sai sunan ya koma kan kayansa. Babur, wanda ya kafa daular Mughal, a tarihin rayuwarsa da ya rubuta ya ambaci wata irin igwa mai suna firangi da aka harba a yaƙin Panipat na 1526. Mayaƙan Maratha suna da wani dogon takobi miƙaƙƙe da ake kira firangi, saboda ruwan takobin daga Turai ake kawo shi, a gida a yi masa ƙota. A harshen Tamil kabewa parangikkai ce. A Kerala ana kiran itacen kashu mangwaron Parangi, don mutanen Fotugal ne suka kawo shi daga Barazil. A harshen Kannada gwanda ce ta ci sunan. Kada mai karatu ya yi dariya, mu ma haka muka yi: masara daga Masar muka samo sunanta, ga gwandar Masar, ga dankalin Turawa, alhali dukansu uku asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Sai dai ba alheri kaɗai aka jingina wa Firangi ba. Wani littafin magani na harshen Sanskrit da aka rubuta a ƙarni na 16, Bhavaprakasha, ya kira ciwon tunjere da suna firanga roga, wato cutar Firangi, don marubucin ya ga bayan zuwan jiragensu ne ta bazu.

Mutanen Siri Lanka kuwa har karin magana suke da ita. In mutum ya bi doguwar hanya mai kwana-kwana zuwa wurin da yake nan kusa, sai su ce ya yi irin tafiyar Parangi zuwa Kotte. Labarin shi ne, a farkon ƙarni na 16 da jakadun Fotugal suka sauka Kolombo suna son ganin sarki, fadarsa a Kotte ba ta wuce tafiyar 'yan sa'o'i ba, amma 'yan rakiya suka yi ta zagaye da su cikin daji har kwana uku don kada su gane kusancin fadar da bakin teku. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka baƙon gari ya faɗa hannun ɗan acaɓa mai wayo ya san wannan tafiyar.

Nauyin da sunan ya yi a wancan zamani, labarin wani limamin Kirista ne ya fi nuna shi. Roberto de Nobili ɗan babban gida ne daga Italiya, ya isa birnin Madurai a 1606. Ya tarar wanda ya riga shi ya shekara da shekaru bai samu ko mutum ɗaya daga manyan gari ba, saboda a wurin mutanen Madurai Parangi na nufin mai cin naman saniya, mai shan giya, wanda ba ya yawan wanka, mai cuɗanya da waɗanda suke ɗauka ƙasƙantattu. Shiga addininsa daidai yake da zubar da asali. Sai de Nobili ya tuɓe baƙar rigarsa ya sa tufafin masu zuhudu na Hindu, ya daina cin nama, ya koyi Tamil da Sanskrit, sa'annan ya fito fili ya ce shi ba Parangi ba ne, mutumin Rum ne ɗan sarauta. A zahiri bai yi ƙarya ba, tunda ba daga Fotugal ya fito ba, amma ni a ganina ya san sarai abin da masu sauraronsa suke nufi da kalmar. 'Yan'uwansa limamai ma sun kai ƙararsa, aka yi shekaru ana taƙaddama.

Abin ban sha'awa, wannan sunan da ake ƙyama shi ne kuma sunan ɗaya daga cikin manyan gidajen malanta na Musulmin Indiya. A birnin Lakno akwai wani gida da wani Bature ɗan kasuwa ya taɓa zama a ciki, mutane suna ce masa Firangi Mahal, wato gidan Firangi. A shekarun 1690 Sarki Aurangzeb ya ba da gidan ga iyalan wani malami da aka kashe, Mulla Kutbuddin. Ɗansa Mulla Nizamuddin, wanda ya rasu a 1748, a nan ya tsara manhajar karatun da ake kira Darsi Nizami, wadda har yau makarantun addini masu yawa a Indiya da Pakistan da Bangaladash suke bi. Malaman gidan kuwa Firangi Mahali ake musu laƙabi, kamar a ce maka wane babban shehi ne daga zuriyar Gidan Nasara.

Angrez ita labarinta gajere ne. Jirgin kamfanin Ingila na farko ya isa tashar Surat a 1608, shekara 110 bayan da Gama. Kafin nan harshen Fotugal ya riga ya zama harshen ciniki a tashoshin ruwa, tafintoci da dillalai duk shi suke ji. Mutanen Fotugal Ingles suke kiran mutumin Ingila, a tsohuwar furtawa ma Ingres, shi ne ya zama Angrez a Urdu da Hindi, Ingrej a Bangal. Wato abokan hamayyarsu na kasuwa ne suka gabatar da su. Haka mutanen Holan suka zama Olondaj a Bangal. Ta wannan ƙofar ce kuma wasu kalmomin da muke ji a fim suka shiga: cabi mabuɗi, kamra ɗaki, balti bokiti, almari kabad, girja coci, duk na Fotugal ne. Mu da ke Kurmi mun san irinta, tunda sunan Legas ma nasu ne. Masu gari Eko suke cewa, mu kuma muka ce Ikko.

Wilayati kuwa Balarabiya ce tsantsa, daga wilaya, wato lardi ko yankin da wani ke mulki, tushensu ɗaya da wali da waliyyi. Yadda ta koma sunan baƙo shi ne, sarakunan Mughal da fadawansu daga tsakiyar Asiya da Farisa suka zo, kuma in suna zancen gida sai su ce wilayat, kamar yadda mu nan in mun ce za mu gida kowa ya san Arewa muke nufi. Babur kansa bai taɓa daina begen Kabul ba, can ma aka mayar da gawarsa. Saboda haka wilayati na farko mutumin Afganistan ne ko Farisa, har a lokacin boren 1857 ana kiran sojojin haya 'yan Afganistan da wannan suna. Da mulki ya koma hannun Ingila, sai wilayat ta bi sabon mai mulki, ta zama Ingila da Turai baki ɗaya. A Bangal, inda ake furta ta bilati, tumatir ya zama bilati begun, wato gautan Turai, siminti ya zama bilati mati, ƙasar Turai. Lokacin da aka raba lardin Bangal a 1905, masu zanga-zanga yadin bilati suka ƙaurace wa, kuma a 1921 Gandhi da kansa ya cinna wa tulin tufafin waje wuta a Bombay. Mai sayar da yadi a wancan lokaci, wannan kalma guda tana iya karya masa jari.

Sa'annan sojojin Ingila da ke zaune a Indiya suka ji ana kiran ƙasarsu bilayati, su ma suka ɗauka, suka lanƙwasa ta ta zama Blighty. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, sojan da ke cikin rami a Faransa in ya ce Blighty gida yake nufi, kuma raunin da bai kashe mutum ba amma ya isa a mayar da shi Ingila, da wannan sunan ake kiran sa. Bature yana kukan gida da kalmar Larabci da ya aro a Indiya! A gabashin Afirka ma, Ulaya da masu jin Suwahili suke kiran Turai daga wilaya ta fito.

Duk waɗannan sababbi ne in aka kwatanta da Yawana. Girkawa ba su taɓa kiran kansu haka ba, Helen suke cewa. Amma Girkawan da Farisawa suka fara cin karo da su su ne na yankin Iyoniya, a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, don haka a rubuce-rubucen Sarki Dariyus na Ɗaya, wajen shekara 520 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yauna aka kira su. Daular Dariyus ta kama daga Iyoniya har kogin Indus, to ta cikinta sunan ya gangaro Indiya ya zama Yona ko Yawana. Iskandar na Makidoniya bai iso Punjab ba sai a shekara ta 326. Sarki Ashoka, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa an sassaƙa a jikin dutse sunayen sarakunan Girkawa biyar da ya san da su, na farkonsu Antiyoka sarkin Yona. Ɗaliban Larabci za su gane kalmar, ita ce Yunan.

Girkawa suka ƙare a Indiya, amma sunan bai mutu ba, sai ya zama kamar rigar gado, duk wanda ya ɓullo daga yamma a yafa masa. 'Yan kasuwar daular Rum da ke zuwa Kerala da zinariya su koma da masoro, Yawana aka kira su, har masoron ya sami laƙabin yawanapriya, abin ƙaunar Yawana. Bayan ƙarnoni sai ya koma kan Larabawa da Turkawa, daga nan ya koma kan kowane Musulmi ko da kakansa na goma a Indiya aka haife shi. A Bangal ta ƙarni na 16 akwai wani shahararren mabiyin malamin Hindu Caitanya da ake kira Yawana Haridas don kawai a gidan Musulmi ya tashi. Larabawan farko kuma an kira su Tajika, kamar yadda ya zo a wata takardar tagulla ta Nabsari a Gujarat, ta wajen shekarar 738. Ita ma daga Farisa ta zo, inda ake kiran Balarabe Tazi, sunan da masana ke dangantawa da ƙabilar Ɗayyi, ƙabilar Hatimu mai kyauta, don su ne maƙwabtan Farisa. Ƙabila ɗaya ta ɗauke wa Larabawa duka suna.

Akwai dai waɗanda Indiyawa suka ƙera da kansu. Mafi tsufa ita ce mleccha, wadda tun a littattafan Sanskrit na farko take nufin mai karkatacciyar magana, wanda ba a gane abin da yake faɗa. Daidai da ajam a wurin Larabawa, inda muka samo ajami, daidai kuma da baubawa a Hausa. Amma a Indiya ta wuce batun harshe ta shiga batun tsarki. Albiruni, wanda ya koyi Sanskrit ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya ba da labarin cewa duk baƙo mleccha ne a wurinsu, ba a aure da shi, ba a ci ko sha tare da shi. Gora kuma, wadda ba ta da alaƙa da gorar makiyayi ko goran ruwa, daga gaura take, wato mai hasken fata, kamar yadda mu muke cewa jar fata. Tagore ya rubuta wani labari mai wannan suna a 1910, kan wani saurayi mai tsananin kishin addinin Hindu wanda daga baya ya gano iyayensa Turawan Ayalan ne da suka mutu lokacin boren 1857.

Wadda ta shafe mu kai tsaye ita ce habshi. Daga Habasha take, ta hannun Larabawan da ke cinikin bayi a tekun Indiya, kuma tun da wuri ta haɗa duk baƙar fata, har waɗanda aka kwaso daga Zanzibar da Mozambik. A da ba kalmar raini kaɗai ba ce. Malik Ambar, wanda aka haifa a gabashin Habasha a 1548, aka sayar da shi yana yaro, ya bi ta Yaman da Bagadaza har ya isa Dakkan, shi ne ya zama mai juya daular Ahmadnagar, ya hana sojojin Mughal sakat har ya rasu a 1626. Haushinsa ya ishi Sarki Jahangir har ya sa aka zana masa hoto yana harbin kan Ambar da kibiya, abin da bai taɓa samun yi ba a zahiri. Zuriyar waɗannan mutane, da ake kira Siddi, sun mulki tsibirin Janjira har Indiya ta sami 'yancin kai a 1947. Yau kuwa ɗan Najeriyar da ya je Delhi karatu ko jinya, in ya ji an ce habshi a bayansa, ba Malik Ambar ake tunawa ba. A watan Maris na 2017 gungun mutane sun far wa ɗalibai 'yan Najeriya da duka a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa zargin da ba a tabbatar ba. Masu zuwa can su san kalmar.

Saura pardesi, wadda waƙar fim ɗin Raja Hindustani na 1996 ta sa har yaran da ba su san ko kalma ɗaya ta Hindi ba suka haddace. Par na nufin wani dabam, des kuma ƙasa. Bambancinta da sauran shi ne ba sai ka tsallako teku ba. Mutumin arewacin Indiya da ya je Bombay neman kuɗi shi ma pardesi ne. A Kalikut ta ƙarni na 16 ana raba Musulmi gida biyu, Mappila 'yan ƙasa, da Paradesi, wato Larabawa da Farisawa 'yan kasuwa. A Kocin akwai wurin ibadar Yahudawa da aka gina a 1568, wanda zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya da wasu daga Gabas ta Tsakiya suka kafa. Sun zauna kusan shekara 400, suna jin harshen gari, har yawancinsu suka ƙaura Isra'ila bayan 1948, amma har gobe sunan ginin Paradesi. A Tamil ma kalmar ta gangara ta koma nufin mabaraci mai yawo.

Wannan ce na fi jin ta a jikina. An kafa Sabo a 1916, akwai gidajen da an haifi kaka a nan, an haifi uba a nan, an haifi jika a nan. Yarabanci a bakinmu kamar ruwa. Amma ranar da yaro zai nemi takardar shaidar ɗan asalin jiha don shiga makaranta ko aikin gwamnati, sai a tambaye shi garin kakansa, in kuma ya je can a ce Hausarsa ta Kurmi ce. A kasuwa Aboki ne ko Mola, wato abokinmu da malam ɗinmu aka karɓa aka juyo mana da su. Tsofaffin Yarabawa kuwa Gambari suke cewa, har unguwa guda ke da wannan suna a Ilori. Masu bincike da yawa suna danganta shi da Kambarin Barebari, wasu fatake da suka shahara a cinikin goro tare da Agalawa da Tokarawa a ƙarni na 19, waɗanda su kansu daga Barno kakanninsu suka taso kafin su zama Hausawa.